Butoci ko ekaran: muhawara kan cikin sabuwar ID. Polo

Mai garaji: Salamu alaikum jama'a. Kun ga hotunan cikin sabuwar ƙaramar motar nan ta Volkswagen, ID. Polo, mai aiki da batir? Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne sun maido da butoci na gaske, waɗanda kake dannawa ka ji sun danna. Layi guda na butoci ƙarƙashin ekaran (allon gilashi irin na waya da ake taɓawa) don kilim, wato na'urar sanyaya mota, abin murɗa sauti mai juyawa, butoci a jikin volan, kuma ƙofar direba butoci huɗu na gilashi, kowace taga da nata. Maganata ita ce: a ƙaramar mota, musamman wadda wata rana za ta sauka nan Yamai, buto ya fi ekaran, kuma duk kamfanin da ya zuba komai cikin ekaran ya cuci mai saye na biyu da na uku, wato mu. Wanda bai yarda ba bismillah.

Ɗan jami'a: Wa alaikumus salam baba. Da girmamawa amma ni ban yarda ba gaskiya. Wannan koma baya ne, tsoron surutun tsofaffin kwastomominsu na Jamus suka ji kawai. Tesla Model 3 tun 2017 kusan komai nata cikin ekaran ɗaya yake kuma an saye ta kamar me a duniya. Ekaran ana iya sabunta shi ta intanet, a ƙara masa abu, a canza masa yare, buto kuwa yadda ya fito daga kamfani haka zai mutu. Kuma baba ku duba garin nan mana, Corolla nawa ne masu su suka cire rediyon asali suka biya kuɗi aka saka musu ekaran na Android? Mutane da aljihunsu suke zaɓe, ba wanda ya tilasta su.

Mai garaji: Ɗana, wanda ake sakawa a Corolla rediyo ne da kamara da Bluetooth, iyakarsa kenan. Ranar da ya mutu kilim ɗinka na nan yana aiki, ka cire shi ka sayi wani a kasuwa ko ka zauna ba kiɗa. Wanda nake magana a kai shi ne wanda in ya yi baƙi ba ka da iska, ba ka iya share raɓar gilashi da damina, wani ma madubin gefe ba ka iya gyarawa. Ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan.

Direban tasi: Maigida gaskiyarka. Mu da muke wuni cikin tet ruj, wato tasin Yamai, daga safe har dare, hannun dama na kan vitesi, ido na kan ƴan kabu-kabu da ke shigo maka ta ko'ina, ga fasinja na cewa tsaya nan tsaya nan, wallahi ba ka da sakan biyu na kallon wani gilashi. Tsohuwar Starlet ɗin da ake rainawa, abin iska uku ne kacal, ido rufe na san inda kowanne yake. Ka zo shataletalen Wadata da ƙarfe shida na yamma ka ce za ka shiga menu ka rage iska, ka gani.

Ɗan jami'a: Yaya ai akwai umarni da murya yanzu, ka ce mata ta rage sanyi ta rage, ba sai ka kalla ba.

Direban tasi: Da wane yare? Kuma da gilashi a sauke, ga hon, ga fasinja huɗu kowa na waya?

Malama: Ni bari in shigo tsakani don ina ganin kowa ya riƙe gefe ɗaya. Ina tuƙa ƙaramar mota kullum in kai yara lakwal, kuma abin da ba zan taɓa yarda a raba ni da shi ba shi ne kamarar baya. A unguwarmu yara ƙanana na wasa bayan mota, ga awaki, ga lungu matsattse, madubi ba ya nuna maka ɗan shekara biyu da ya tsuguna bayan taya. Amurka ta wajabta kamarar baya a sababbin motoci tun 2018 saboda irin wannan. To kamara kuwa sai da ekaran. Don haka masu cewa a kawar da ekaran gaba ɗaya ba na tare da su. Amma kilim da sauti da wutar haɗari, a bar min su a hannu. Kuma in na fahimta daidai abin da motar nan ta yi kenan, ekaran ɗin na nan babba a tsakiya, butocin na ƙasansa.

Mai garaji: Haka ne Malama, ban ce a cire shi ba. Na ce kar a rataya ran mota a jikinsa.

Mai wutar mota: Ku ba ni wuri ni da ake kawo wa gawar abin. Ɗan jami'a kana magana kamar motar za ta zo mana sabuwa fil a leda. Mota nawa ke shigowa ƙasar nan sabuwa? Mafi yawa okaziyon ne, ta yi shekara goma ko sha biyar a Turai, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Lome ko Kwatano, a turo ta. Kenan cikin motar da ake zanawa yau shi ne abin da talaka zai zauna ciki wajajen 2038. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce yaya tabalon, wato allon gaban direba, zai kasance bayan ya tsufa sannan ya sha ranar Afrilu da Mayu ta Yamai, lokacin da zafi ke wuce digiri 43 a inuwa, mota kuma na fake a fili gilashi rufe. Wayarku ma in kun manta ta kan tabalo gargaɗin zafi take bayarwa ta ƙi aiki. Abin da nake gani a wurin aiki: gam ɗin da ya haɗa gilashin ekaran da abin taɓawa yana saki, sai ka ga kumfa-kumfa a gefe, daga nan ya fara taɓa kansa da kansa, ya canza tasha, ya kira lamba, ko wani gefe ya daina jin yatsa kwata-kwata. Buto in ya ƙi, sau da yawa ƙura ce ta shiga, in buɗe in fesa in goge ya tashi, in ya karye in samo na matacciyar mota in saka, jikka kaɗan. Ekaran na asali kuwa sai an yi odarsa daga waje, wani kuma ko ka samo na wata mota sai an haɗa shi da kwamfutar motar da na'urar kamfani kafin ya yarda ya yi aiki, kuma ba kowane garaji ke da ita ba. Akwai motar da ta kwana wajena wata da watanni, injin lafiya lau, taya sabuwa, abin da ya zaunar da ita kawai mai ita ba zai iya kunna kilim ba.

Ɗan jami'a: To ai wannan matsalar gyara ce ba matsalar zane ba. Mu ya kamata mu koyi gyaran. Da aka zo da inji mai allura ai haka aka ce karbirato ya fi, yau wa ke neman karbirato? Masu gyaran waya na Grand Marché suna canza ekaran cikin minti talatin, me zai hana su koyi na mota?

Mai wutar mota: Wannan kam ka faɗi abin dubawa, kuma yaran da ke koyo wajena ina tura su su koyi na'urar bincike. Amma waya iri ɗaya miliyoyi ake bugawa shi ya sa piyes ɗinta ke cika kasuwa da araha. Ekaran ɗin mota kowace marka da nata, kowace shekara da nata.

Ɗan Ader: Assalamu alaikum, ku yi haƙuri yanzu na iso. Ni daga Tawa nike, kuma hanyar Yamai na san ta, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kana ka karkata arewa, kilomita ɗari biyar da wani abu. Wanga batu na gyara duk gaskiya ne amma ni abin da ya fi damuna rai ne. Wata mujallar motoci ta Suwidin ta yi gwaji 2022, sunka ba direbobi ayyuka huɗu su yi mota na gudun 110, irin canza tashar rediyo da daidaita zafin ciki. Tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai butoci, sakan 10 anka gama. Wadda ta fi muni cikin masu ekaran ta wuce sakan 40. Ku lissafa, a gudun 110 kowane sakan mita 30 ne. Sakan 40 ya fi kilomita guda kana raba ido tsakanin hanya da gilashi. A can hanyarsu da shinge. Mu nan jaki na fitowa, amalanke ba fitila, raƙumi, rami, babbar mota ta mutu tsakiyar gudron an aza mata ganye. Shi ya sa ni ba ruwana da kyau ko rashin kyau.

Mai garaji: Madalla Alhaji. Kuma ba mu kaɗai ke faɗa ba. Euro NCAP, masu ba motoci taurari a Turai, sun sa a ƙa'idarsu daga 2026 cewa mai neman tauraro biyar gara ya bar abubuwa biyar a hannu: kilinyotan, wutar haɗari, hon, abin share gilashi da buton kiran agaji. Ita kanta Volkswagen ai ta sha suka kan Golf 8 da ta fito 2019, wani ɗan layi ne kake shafawa don sauti da zafi kuma ba ya da haske da dare, ga na volan da tafin hannunka ke taɓawa ba ka sani ba. Da suka gyara ta 2024 suka maido da butocin volan. ID.3 kuwa, wata motarsu mai batir, butocin gilashi biyu suka saka, sai ka taɓa wani wuri kafin su koma na baya. Duk don rage kuɗin ƙira ne ɗana, ekaran ɗaya ya fi musu araha a kan butoci ashirin da wayoyinsu, sai a kira shi zamani.

Dillalin mota: Ni kuma zan ɓata muku rai kaɗan. A park abin da ke sayar da mota daban ne. Mutum ya zo, kafin ya buɗe kapo ya leƙa ciki, in ya ga babban ekaran da kujerun fata ya gama yanke shawara, ko madam ta yanke masa. Mota biyu shekara ɗaya, mai ekaran ta riga tafiya kuma da tsada. Ku ce abin da za ku ce, kasuwa na tare da yaron nan.

Malama: Kujerun fata kuma wannan wata muhawarar ce Alhaji. Baƙar fata da azahar ba a iya zama kanta, yara kuka suke, bayan shekara biyu ta tsattsage. Ni yadi na fi so.

Mai wutar mota: Tunda an zo nan, ga inda ni ban yaba wa sabuwar motar ba. Na ga sun lulluɓe gaban tabalo da jikin ƙofa da yadi, ya yi kyau a hoto ƙwarai, ya fi baƙar roba mai ƙyalli ɗin nan da ko hankici ka goga sai ta yi zane. Amma kujera kana iya sa mata husi ka cire ka wanke, tabalo fa? Hunturu ɗaya, hazon Disamba da Janairu ya shiga cikin zaren, a zo a goga da tsumma mai ruwa ya zama laka. Roba mara ƙyalli mai ɗan kaushi ita ce tamu.

Ɗan jami'a: Kun ga ko nan ma ekaran ya yi rana, don abin da ya fi burge ni a motar shi ne kana iya juya agogon gaban direba ya koma kamar na Golf ta farko, mai allura. Da agogon ƙarfe ne ba za ka iya ba.

Direban tasi: Ƙanena wannan ado ne, ba mu ƙi ba. Ni a ba ni wurin ƙafa a baya, da rufi mai tsawo da mai rawani ko mai ɗaurin kallabi zai zauna bai duƙa ba, da ramin iskar kilim na ƴan baya, da kofur da zai ɗauki buhun shinkafa. Ƙananan motocin yanzu tsakiyarsu ya yi faɗi, gwiwa na bugawa.

Ɗan Ader: Kuma nawa ta kai ma?

Mai garaji: Sun ce wajen Yuro dubu 25 za ta fara, kenan sefa miliyan 16 da ɗoriya tun can, ba jirgi ba duwan. Ga batun caji da yanayin kuran ɗinmu, wannan mu bar shi wata rana. Ba don za mu saye ta gobe na kawo ta ba, don in manyan kamfanoni suka juya sauran na bin su ne, har masu asansi.

Dillalin mota: In suka bi. Na Sin da ke shigowa yanzu ekaran ɗinsu sai ƙara girma yake, kuma su ne masu arahar da mutanenmu za su iya.

Mai wutar mota: To Alhaji tunda kai ke kawo su, ga roƙona. Duk wadda za ka ɗauko, a kashe ekaran ɗin a gwada ko kilim na kunnuwa ba shi. In ba ta kunnuwa ka faɗa wa mai saye tun kafin ya biya, kuma ka tambayo mana kuɗin ekaran ɗin daban mu san abin da ke jiranmu.

Dillalin mota: Zan tambayi yaronmu na Lome gobe in sha Allahu, in ya turo farashin zan sanar da ku.