Ƙudan zuma sun bar min amya uku, yaya zan riƙe sauran?

Mai tambaya, Alkaleri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da amya biyar na katako, irin masu sanduna a sama. Na ɗebi zuma a watan Fabrairu, yanzu ƙarshen Maris uku sun zama kango. Da na buɗe, saƙa ce kawai, ba zuma ba 'ya'ya. Biyun da suka rage kuma da rana sai su yi cincirindo a bakin ƙofa. Don Allah a ba ni shawara kafin su ma su tashi.

Amsa daga Dass:
Wa alaikumus salam Malam. Saƙar da ka tarar ta faɗa maka komai. In rabuwa ce ta yawa, tsohuwar sarauniya ke fita da kusan rabin gida, a bar 'ya'ya da zuma da ɗakunan sabuwar sarauniya masu kama da ɓawon gyaɗa. In kwarkwasa ce ko gobara, a firgice suke fita, za ka ga tsutsa da zuma a yashe. Naka ƙaura ce da aka shirya. Idan abinci ya yanke, sarauniya kan daina ƙwai, su jira 'ya'yan da ke cikin saƙa su fito, wanda ke ɗaukar kusan mako uku daga ƙwai, su shanye ragowar zuma su kama hanya. Halin ƙudan zumanmu na Afirka ke nan. Saƙa nawa ka bar musu ranar ɗiba, kuma ina suke shan ruwa?

Mai tambaya:
Gaskiya duk mai zuma na cire. Rafin kusa ya ƙafe, inuwa kuma ba sosai ba.

Amsa daga Dadin Kowa:
To ɗan'uwa, fara da ruwa yau ɗin nan. 'Ya'ya na buƙatar zafin cikin amya ya tsaya wajen digiri 35. In ya haura, ma'aikata kan ɗebo ruwa su shafa a saƙa su yi ta fifita da fukafukai, wasu su fito waje don iska ta ratsa. Cincirindon da kake gani ke nan. Ajiye kasko 'yan taku daga amya, ka zuba tsakuwa ko karare su samu wurin sauka, in ba haka ba nutsewa za su yi. Kada ya ƙafe ko na yini ɗaya. Ka ɗora zana a kan murfin kwano, da tazarar ɗan yatsa biyu a tsakani.

Amsa daga Toro:
Sannan abinci. Gwangwani ɗaya na sukari, gwangwani ɗaya na ruwan ɗumi, a dama ya narke ya huce. A cikin amya za ka sa, da magariba. In ka ajiye a waje ko da rana, ƙudan wasu wurare za su ji ƙamshi su zo fashi. Kada ya wuce kwana biyu, yana tsami. Ka shafa baƙin mai a ƙafafun amya saboda tururuwa, ka nome ciyawar da ke taɓa ta.
Ka buɗe sau ɗaya da yamma, hayaƙi kaɗan. In ka ga ƙwai farare ƙanana a gindin ramuka, sarauniya ta yi aiki cikin kwana uku da suka wuce, ba su da niyyar tafiya. Masu shigowa da garin fure a ƙafa ma alama ce mai kyau. Daga nan ka bar su su huta, yawan buɗewa shi ma kora ne. Ɗiba ta gaba ka bar musu saƙa uku ko huɗu masu zuma kusa da 'ya'ya.

Amsa daga Kaltungo:
Kada ka manta da ukun da suka zama kango, Malam. Saƙar da ba mai gadi, asu ke cinye ta, tsutsarsa ta bar yana kamar ta gizo. Cire ta duka ka narkar da kakin a ruwan zafi, ka babbake cikin amya da harshen wuta, ka goga kakin a tsakiyar kowace sanda da bakin ƙofa don jawo sabon ayari. Ka auna faɗin sandunan, milimita 32 ake so, in ya wuce haka za su giciye saƙa.