Footnote da Hausa: in babu ƙasan shafin fa?

Jama'a, wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya, na ce bari in kawo ta gaban masana. Abin da Bature ke kira footnote, wato ɗan guntun bayanin nan da ake rubutawa da ƙananan haruffa a gindin shafi, mene ne sunansa da Hausa?

Na san amsar da za ta fara fitowa: "bayanin ƙasan shafi". Ni ma da ita nake aiki shekara da shekaru, har ranar da na zauna gyaran wani littafin tarihi da aka ɗauka da sikana domin wata ɗaliba makauniya. Na rubuta mata a farkon fayil ɗin cewa duk inda ta ji lamba, ta duba bayanin ƙasan shafi. Da yamma sai ga kiranta: "Malam, ƙasan wane shafin?" Na yi shiru. Ita da kunne take karatu, manhajar NVDA ce ke karanta mata. Muryar tana tafiya ne ɗoɗar kamar ruwan famfo, ba sama ba ƙasa.

Ku ji irin ɓarnar da ke faruwa in ba a gyara ba. A littafin an rubuta cewa an buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, sai aka ɗora ƙaramar lamba 4 a saman shekarar. Manhajar da ke mayar da hoton shafi rubutu ba ta san ƙaramin harafi da babba ba, sai ta haɗe su: 19534. Mai ido zai gane ya wuce, mai saurare kuwa sai ya ji an buɗe makaranta a shekara ta dubu goma sha tara da ɗoriya. Wani wurin lamba 1 ta koma alamar ɗauri irin ta "sa'a", ta liƙe a wutsiyar kalma. Wannan ban da ɗ da ƙ da ɓ da sikana ke aske wa lanƙwasa, amma wannan kukan na wata rana ne.

Mafi ciwo shi ne jimlar da ta tsallaka shafi. Marubuci ya ce "Sarki ya fita da rundunarsa zuwa", shafi ya ƙare, bayanin gindin ya faɗo tsakiya: sunan wani littafi, juzu'i na biyu, shafi na 88. Sai an gama wannan sannan a ji garin da sarkin ya nufa. Ɗalibar ta ce sau uku tana maimaita wurin, tana zaton kanta ne ya ɗauki zafi.

A rubutun makafi na birel ma haka ne. Tsarin da Louis Braille ya fitar a Faransa a 1829 ɗigo shida ne, kuma girmansu ɗaya, babu ƙananan haruffan da za a ɓoye bayani a cikinsu. Shafin birel yakan ɗauki layi 25, kowane layi gurbi 40 ko kusa da haka, don haka shafi ɗaya na bugun masu gani yakan ci shafi biyu ko uku. Ƙa'idar BANA, hukumar da ke tsara birel a Amurka da Kanada, ita ce a ajiye bayanin a inda shafin asali ya ƙare, bayan an ja ɗan layin rabewa. Wannan wurin yana iya faɗawa tsakiyar shafin birel, ko ma samansa. To ka ga an kira shi na ƙasa, yatsa ya same shi a sama.

Saboda haka ni dai na cire duk sunan da ya dogara da wuri. Ya kamata sunan ya faɗi aikin abin.

Wani abokin aikina ya ce "ƙarin bayani". Yana da daɗin faɗa, kowa ya san shi, sai dai ya yi faɗi. Rataye ƙarin bayani ne, gabatarwa ƙarin bayani ce, bayanin da ni mai gyara nake sakawa don in siffanta hoto ko taswira shi ma haka. Kuma raba waɗannan shi ne rabin aikinmu: dole mai saurare ya san wa ke magana, marubuci ko mai kwafa. "Tushen bayani" ya yi daidai in madogara ake nunawa, amma in marubucin fassara wata kalma ya yi, ko ya ɗan yi ratse, ba tushen komai ba ne. "Manazarta" kuwa tana da gidanta a ƙarshen littafi, a bar ta can.

Inda na tsaya shi ne hashiya.

Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san ta. Malam yana jan matani, sai ya dakata ya ce "mai hashiya ya ce kaza", ya gama, ya koma kan matani. Almajiran da ke bakin ƙofa ba sa ganin takardar, amma babu wanda ya taɓa ruɗewa, domin an sanar da shiga an sanar da fita. Wannan shi ne ainihin abin da mai gyaran littafin makafi yake yi. Tsarin DAISY na littattafan saurare domin makafi, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1996, ya ma ba mai saurare damar tsallake irin wannan bayani in an yi masa alama daidai, kamar yadda malam kan ce yau matani kawai za mu ja.

Na san malamai za su ɗaga yatsa, kuma suna da hujja biyu. Ta farko, a Larabci asalin kalmar gefe take nufi, ke nan ita ma sunan wuri ce. Gaskiya ne, amma a kunnen Bahaushe wannan ma'anar ta daɗe da gogewa, in ka ce hashiya bayani yake ji, ba gefen takarda ba. Ta biyu ta fi nauyi: hashiya a al'adar karatu wani malamin daban ne ke yin ta a kan sharhi, kamar ta Adawi a kan sharhin Risala, alhali footnote yawanci marubucin ne da kansa. Na yarda. Amma matani ma daga zaure ya fito, yau ga shi a jami'a ana kiran waƙa da labari da shi, ba wanda ya kai ƙara.

Ga yadda nake yi yanzu. Lambar da ke cikin matani ina kiranta alamar hashiya, ina raba ta da kalmar da ke gabanta, in sa ta cikin baka biyu, in rubuta "hashiya ta 4". Ina barin sakin layi ya ƙare tukuna, ko da ya tsallaka shafi, sannan in rubuta "Farkon hashiya ta 4", bayanin ya biyo, in rufe da "Ƙarshen hashiya". Wadda aka tara a bayan babi kuwa hashiyar ƙarshen babi. Nawa bayanin kuma na kira shi bayanin mai kwafa.

Na tura wa ɗalibar babi na uku a haka ban gaya mata komai ba. Abin da ta aiko shi ne a hashiya ta 11 na manta ban rufe ba, muryar ta zarce da ita har cikin yaƙin da ke sakin layi na gaba.