"In ka je gari ka ga kowa da jela": nasiha ce ga mai shirin shiga jami'a ko kuwa?

Yayar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tashi a gidanmu jiya da daddare, har yanzu ba ta kwanta mini ba. Autarmu ta gama WAEC da NECO, sakamakon JAMB ya fito, yanzu tantancewar jami'a take jira. Kawu ya zo gaishe da Hajiya, da ya tashi yi wa yarinyar nasiha sai ya ce: "In kin je gari kin ga kowa da jela, ke ma nemi taki ki ɗaura." Hajiya ba ta tanka ba saboda yayanta ne, amma yana fita ta kira Auta ta ce ta zubar da wannan maganar a bakin ƙofa, ita ba ta yi shekara 17 tana tarbiyya ba don a ce 'yarta ta je ta bi yarima a sha kiɗa. Ni kuma na san Kawu, ba mutumin da zai tura yarinya ga lalacewa ba ne. To me karin maganar nan take nufi, kuma ta dace a faɗa wa ɗan aji shida mai shirin barin gida?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Hajiya ta ji tsoro a inda ya kamata uwa ta ji, amma ina ganin an yi wa karin maganar gaggawa. Ku dubi aikatau ɗin da aka yi amfani da shi: ɗaura. Ba a ce ka tsiro da jela ba. Abin da aka ɗaura kuwa ana kwance shi, mai shi ya san ba jikinsa ba ne. Sannan da baƙo ake magana, wanda ya shigo garin da ba nasa ba. A fahimtata abin da ake nufi shi ne kada baƙo ya zama shi kaɗai ne daban a cikin abin da mutanen gari suka saba: yadda suke gaisuwa, lokacin da suke buɗe kasuwa, wanda ake fara zuwa wurinsa in an sauka. Ladabin baƙunta ne. Ban taɓa jin dattijo ya kawo ta a kan sata ko shaye-shaye ba.

Uwar Biyar:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ku kuna fassara ta ne a zaune cikin natsuwa. Yarinya mai shekara 17 ba haka za ta ji ta ba. Abin da zai shiga kunnenta shi ne: abin da kowa yake yi, ke ma yi. Na kai 'ya'ya uku jami'a, na ga yadda suke dawowa hutun farko. Ɗaya ta dawo tana jin kunyar akwatin da na saya mata, wai ba irinsa ake riƙewa ba. Wannan ma ai jela ce. Ni wadda nake faɗa musu ita ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ina bayan Hajiya ɗari bisa ɗari.

Tsohon Jambito:
Mama, ku yi haƙuri in kawo abin da ya same ni, don ni rashin ɗaura jelar ne ya cuce ni.

A sakandare ni ne na ɗaya ko na biyu kullum. Can malami zai rubuta darasi a allo ka kwafa, ƙararrawa ta kira ka, in ba ka zo ba a tambaye ka. Na shiga jami'a da wannan tunanin. Makon farko na ga yara suna fita tun ƙarfe shida da rabi na safe don lakcar ƙarfe takwas, suna ajiye littafi a kujerun gaba. Na ce wannan zaƙewa ce. Ina zuwa takwas saura biyar sai in tarar da ɗakin ya cika maƙil, mu ɗaruruwa, in tsaya a baya kusa da taga, lasifika tana ƙara tana yankewa, abin da nake ji bai kai rabi ba. Na ga suna tsayawa gaban allon sanarwa na sashe kowace rana, ni ban taɓa leƙawa ba. A nan aka liƙa ranar tes ɗin Kimistiri. Ranar ina ɗaki ina wanki. Maki 30 suka tafi haka nan, jarrabawa kuma ban iya cike giɓin ba, na kwaso kariyoba, wato kwas ɗin da sai na sake shi, tun zangon farko.

Ga abin da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. A yawancin jami'o'inmu A tana farawa daga 70 kuma maki 5 ce, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, F kuwa sifili, kuma ana ninka kowanne da nauyin kwas ɗin. Sifilin nan yana zama a lissafin CGPA ɗinka, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasanka, ko da ka sake kwas ɗin ka ci. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake, ta biyu babba daga 3.50. Shekara uku ina jan abin da na zubar a wata huɗu, da ƙyar na tsallaka 3.50. Da Kawun ya faɗa mini wannan karin maganar a lokacin, kuma na ji, da na bi yaran nan tun asuba.

Uwar Biyar:
Ɗana, Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Amma kai ka dace jelar da ka gani mai kyau ce. Wanda ya tarar ana kwafar aikin gida daga mutum ɗaya fa, ko ana shiga jarrabawa da 'yar takarda a cikin safa? Satar amsa tana iya jawo kora in aka kama mutum, ba ruwan hukumar makaranta da cewa kowa yana yi.

'Yar Samaru:
Ni inda nake ganin matsalar take shi ne kalmar "kowa". Na yi karatuna a ABU Zariya, kuma abin da na lura shi ne sabon ɗalibi ba ya ganin kowa, masu hayaniya kawai yake gani. Makonnin farko idonka yana kan masu zama a wuraren cin abinci, masu canza kaya sau biyu a rana, masu babbar waya. Sai ka ɗauka su ne garin. Ranar da na fara hawa benen ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na tarar da wani garin daban: tebur bayan tebur, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da buɗe shafi, wasu da gorar ruwa da ƙullin gyaɗa a gefe tun safe. Waɗannan ba sa yawo, shi ya sa baƙo ba ya ganinsu, kuma suna da yawa ƙwarai.

A ɗakinmu akwai wata baiwar Allah da ta zo da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji da man gyaɗa a galan, da ƙaramin risho. Da farko tana ɓoye su ƙarƙashin gado. Kafin ƙarshen wata, da kuɗin kowa ya ƙare, duk ɗakin a gaban kwanonta muke zama. Don haka ni zan ce wa Auta ta ba garin wata ɗaya tana kallo kafin ta yanke hukuncin wace jela ce ta mutanen gari.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu bindi muke cewa: in ka tai gari ka iske kowa da bindi, kai ma samu ka liƙa. Ni na ga amfaninta da idona. Da na samu BAC, shaidar gama sakandare a nan Nijar, na tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ban san kalma guda ta Zabarmanci ba. Cikin aji Faransanci ne, amma mai shago, mai taksi, tsohuwar da ke sai da abinci bakin ƙofa, da yawansu Zabarmanci suke fara yi maka. Wani yayanmu ya ce in koyi gaisuwa ko da ita kaɗai ce. Na koyi "fofo" da "mate ni go". Wallahi fuskar mutane ta canza gare ni. Hausata ba ta ragu ba, sallata ba ta ragu ba. Ɗalibin Kano da za ya tafi Ilori ko Ibadan, ko ma Maiduguri, bindin da za ya fara nema ke nan, gaisuwar mutanen wurin da abin da suke ɗauka rashin kunya.

Malamin Hausa:
Madalla da wannan misali, shi ne ainihin gurbin karin maganar. Amma bari in ba Uwar Biyar gaskiyarta a wuri ɗaya. Yau an fi jin maganar nan a bakin mai kare kansa bayan ya yi abin da bai dace ba. Ka tambayi mutum me ya sa ya karɓi na goro a ofis, sai ya ce ai in ka je gari ka ga kowa da jela. Karin magana kuwa tana ɗaukar warin bakin da ya fi yawan furta ta. Watakila wannan warin ne Hajiya ta ji. Kawu ya yi amfani da ita a tsohuwar ma'anarta, Hajiya ta ji ta a sabuwar.

Bakatsine:
To Malam, ya za mu yi da "kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi"? Ba ta ci karo da ita ba?

Malamin Hausa:
Ban ga karo ba. Waccan bayani take yi a kan abin da ba ya ɓoyuwa, wato asali da tarbiyya. Wannan kuma umarni ce a kan abin da ake iya ɗaurawa a kwance. Mutum ɗaya zai iya riƙe duka biyun.

Bakatsine:
Ni dai ban gamsu sosai ba. Abin da aka ɗaura shekara huɗu, wani lokacin ba ya kwantuwa. Mun ga waɗanda suka fara da "don kada a ce ni baƙauye ne" suka ƙare ba sa iya zaman awa ɗaya da iyayensu.

Ma'aikacin Rajista:
Ku ba ni dama in karkata kaɗan. Shekaruna da yawa ina karɓar takardun sababbin ɗalibai, kuma in ni ne Kawu, wadda zan faɗa wa yarinyar a wannan watan ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar jela sai an isa garin, yanzu kuwa ko tasha ba a je ba.

Yayar Auta, ki zaunar da ita ku baje takardunta a tabarma: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, katin NIN. Ku duba suna harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. Abin da ya fi mayar da yara gida ranar tantancewa ke nan, Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan. Ku tabbatar tana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma darussan da kwas ɗinta yake nema ne. Ku tabbatar an ɗora sakamakon a shafin JAMB, sannan ta riƙa leƙa CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, da kanta, don in gurbi ya fito sai ta karɓa a can kafin ya tabbata. Kada ta bar lambar sirrinta a hannun mai shagon intanet.

Sauran watannin zaman jiran nan kuma kada su tafi a barci. Ta koyi buga rubutu a kwamfuta, ta buɗe asusun banki da sunanta, a ba ta kuɗin cefanen mako ta riƙe a ga yadda za ta yi. In da hali ta kama wata sana'ar hannu. A 2022 yajin aikin ASUU ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ɗaliban da suke da ɗinki ko gyaran waya a hannu ba su ji zaman kamar sauran ba. In kuɗin makaranta ya yi nauyi, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. In kuma gurbin bai samu ba bana, akwai IJMB, jarrabawar karatun share fagen jami'a, wadda ake shiga aji biyu da ita kai tsaye.

'Yar Samaru:
Baba ya gama magana. In ƙara ɗaya: ranar da ta isa, ta nemi kodinetan ajinsu, wato malamin da ke kula da 'yan ajin, kafin ta cike rajistar kwasa-kwasai, kada ta kwafi ta ƙawa. Kuma 'yan MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da ƙungiyoyin ɗaliban jiha suna shirya wa sababbi darasin bita kyauta a makarantu da yawa, ta tambaya.

Uwar Biyar:
Wannan ta gora na karɓa hannu biyu. Ta jela kuwa, ko da Malam ya wanke ta, ni ba zan faɗa wa 'yata ita ba sai in zan zauna in yi mata duk bayanin da kuka yi a nan. Kawun ya faɗa ne ya tashi ya tafi.

Yayar Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na karanta wa Hajiya da Auta duk abin da kuka rubuta. Hajiya ta ce Uwar Biyar ta faɗi abin da ke ranta, amma ta yarda in Kawu ya dawo ranar Juma'a za ta tambaye shi wace jelar yake nufi, a gaban yarinyar. Auta kuma labarin allon sanarwa ne ya fi kama ta, sau biyu ta sa na maimaita mata lissafin makin.

Baba Ma'aikacin Rajista, mun baje takardun kamar yadda kuka ce. Sunan mahaifinmu a takardar haihuwarta ya bambanta da na sauran da harafi ɗaya, mu ne ba mu lura ba tun tana jaririya. Takardar rantsuwa ta kotu za ta wadatar, ko sai mun sake fitar da ta haihuwar gaba ɗaya? Gobe da safe nake son mu fita.