Neman shawara: siyasa ta tsayar mana da aikin rijiyar garinmu

Magatakarda, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a mayar min da ita gardamar jam'iyya, don gardamar ce ta kai mu inda muke.

Ni ne magatakardan ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Zariya. Garin yana ƙasar Soba, sunan dai a bar shi. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan jami'a na Samaru da Kongo, da 'yan kasuwar Sabon Gari, da direbobi. Tun bara muke karo-karo duk wata don a gyara rijiyar burtsatsen garin a sa mata sola, saboda da zarar rani ya yi nisa mata da yara sai rafi. Mutanen gida kuma suka ɗauki yashi da dutse da aikin gayya. Kuɗin ya kusa cika, yana asusun ƙungiya, mutum uku ke sa hannu kafin a fitar.

Sai zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 ya zo. Akwatunan garinmu APC suka yi sak. Mu na birni kuwa yawancinmu Atiku muka yi, samarinmu suka bi Kwankwaso. Tun daga lokacin ake ta habaici a WhatsApp, amma abin bai yi tsami ba sai bayan 29 ga Mayu da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta haura naira 500. Wani daga cikinmu ya tura saƙon murya cikin fushi, yana cewa mutanen ƙauye sun sayar da mu a kan taliya da sabulu da turmin atamfa, don haka su je wanda suka zaɓa ya ba su ruwa. Saƙon ya isa gida, har aka kunna shi a majalisar ƙofar gidan Mai Gari. Da dare Yayana, wanda shi ke riƙe da gandunmu, ya kira ni ya ce in gaya wa mutanena ba sa shan ruwan gori, mu riƙe kuɗinmu. Tun ranar bai sake ɗaukar wayata ba.

Yanzu ma'aji ya ƙi sa hannu, wasu suna cewa a maido musu abin da suka zuba, ga taronmu na shekara washegarin Babbar Sallah a can gida. In mayar da kuɗin? In ɗage taron? Kuma yaya zan yi da Yayana?

Abban Sadik, PZ:
Wa alaikumus salam. Ni gaskiya ban ga laifin mai saƙon ba sai dai lafazi. Mu da muke biyan kuɗin mota kullum daga Ɗanmagaji zuwa Samaru, muna auno masara da tiya, mu muka san zafin abin. Albashi yana nan inda yake. Shekara takwas ana shan wuya, aka zo canji suka sake dangwala wa jam'iyyar da ta kawo wuyar. Wanda ya ce a ba shi kuɗinsa a ba shi, ba dole.

Ɗan Gandu, Giwa:
Abban Sadik, tsaya ka ji daga bakin manomi. Shekara takwas ɗin da kake cewa an sha wuya, ba iri ɗaya muka sha ta ba. Da Buhari ya rufe iyakoki a watan Agustan 2019, kai kana kukan shinkafa ta yi tsada, mu kuwa a lokacin ne buhun masara da shanshera suka fara yin daraja a kasuwar Giwa. Mutanen da tun tasowarsu ba su taɓa riƙe kuɗin da ya wuce na cefane ba suka yi rufin kwano, suka sayi babur, wasu suka biya Makka. Tiyar da kake cewa ta yi maka tsada, kuɗin nan aljihun wani ya shiga, kuma wanin nan shi ne Yayan Magatakarda. Kai kana addu'ar abinci ya sauko, shi yana addu'ar ya tashi. Ta yaya za ku dangwala wuri ɗaya?

Ban ce mun ji daɗi zalla ba. Taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ta wajen Kidandan da Galadimawa akwai gonakin da mutane suka bari saboda 'yan bindiga. Canjin takardun naira kuma mu ya fi kwantarwa: ka kai kaya kasuwa a ce sai taransifa, ba ka da asusu, ko kana da shi babu sabis, sai ka karyar wa mai tsabar kuɗi a hannu. Amma a rediyo mutanen ƙauye suka ji gwamnan Kaduna na lokacin ya kai ƙarar gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli a kan wannan canjin, shi da na Kogi da na Zamfara, suka kuma ji ya ce a ci gaba da karɓar tsofaffin 500 da 1,000. Da yawa sai suka ɗauka cewa canjin tarko ne aka ɗana wa Tinubu, ba aikinsa ba ne. Ko sun yi daidai ko ba su yi ba, lissafi ne suka yi.

Akwai kuma abin da ku na birni kuke mantawa. A ƙauye ba Abuja ake zaɓa ba. Ana duba waye ya zo ta'aziyya, waye ya kai mai naƙuda asibitin Shika da motarsa, waye za a buga wa waya idan an kama yaro. Idan wannan mutumin yana jam'iyya kaza, to gari ya tafi can, har da akwatin shugaban ƙasa. Ku kuna zuwa sau biyu a shekara da farar shadda, shi kuwa kullum yana nan.

Maganar taliya kuma, a bar kaza cikin gashinta. An raba a cikin ganuwa, an raba a Tudun Wada, kuma ba jam'iyya ɗaya ta raba ba. Tsadar mai ma ba ta tsallake mu ba. Injin ban ruwa da me yake tashi?

Abban Sadik, PZ:
To ai shi ke nan, sai su ci ribar masarar su tona rijiyar.

Mai kula da zaure:
Na goge saƙonni biyu da suka zagi 'yan takara. Mai tambaya ya roƙa tun farko. A tsaya kan shawara.

Malama, Kongo:
Magatakarda, kafin ka je taron ka riƙe alƙaluman nan, domin labarin "ƙauye ya zaɓi APC, birni ya ƙi" bai zauna ba ko a jiharmu. Atiku ne ya ci Kaduna da ƙuri'a 554,360. Tinubu ya samu 399,293, Peter Obi 294,494, Kwankwaso 92,969. Ba daga Kaduna da Zariya da Kafanchan kaɗai Atiku ya tara wannan ba, ƙauyuka da yawa lema suka dangwala. A ranar kuma mazaɓar Zariya ta sake tura Abbas Tajuddin na APC majalisar wakilai, ga shi ran 13 ga Yunin 2023 ya zama kakakin majalisar. Su wa suka zaɓe shi, mutanen ƙauyenku? Bayan mako uku Uba Sani ya ci gwamna da ratar da ba ta kai 11,000 ba a kan Isa Ashiru, wanda shi ma ɗan Kudan ne, maƙwabtanmu.

A ƙasa baki ɗaya mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79. Da zan so a taron naku a ce duk mai neman a hukunta ƙauye ya fara faɗin rumfar da ya jefa tasa. Na san abokan aikina da suka kwana suna rubutu a Facebook, ranar zaɓe suna gida suna kallon talabijin.

Tallafin mai kuwa, Atiku da Obi duk sun faɗa a kamfe cewa za su cire shi, kuma kasafin 2023 da Buhari ya sa wa hannu bai tanadi kuɗinsa ba bayan ƙarshen Yuni. Ana iya jayayya a kan yadda aka cire shi rana ɗaya ba shiri, ni ma ina da ta cewa a nan. Amma a ɗora wa akwatin ƙauye ɗaya, wannan zalunci ne.

Maman Walida, Ƙofar Doka:
Duk kun yi ta maza. Waɗanda ke ɗaukar jarka zuwa rafi an tambaye su? Ma'ajin naku yana da famfo ko mai ruwa yana kawo masa har gida. Kuma ku daina cewa mata sun sayar da ƙuri'a da atamfa. Ana karɓa a yi godiya, a shiga rumfa a dangwala wanda ake so, wa ya gani?

Abin da ya fi damuna kuɗin. Tun da Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a tsakiyar watan nan na Yunin 2023 dala ke hawa, kuma faifan sola da famfon da ake zurawa duk daga waje suke zuwa. Ƙanena yana harkar a Sabon Gari, farashin safe daban na yamma daban. Kuɗin da kuka ce ya kusa cika, in kuka jira zukata su huce, sai ya koma rabi. Ku sayi kayan a makon nan ku ajiye, fushin ya ci gaba in ya so.

Alaramma, Ƙofar Gayan:
Malam Magatakarda, abin da ke asusun nan ba na ma'aji ba ne, ba na ƙungiya ba ne. Amana ce da aka tara da sunan ruwa. Sa hannun ma'aji wakilci ne, ba shi da ikon riƙe amanar jama'a don ya huce haushin zaɓe. Ku zaunar da shi ku biyu da shugaba, a natse. In ya tsaya a kan bakansa, tsarin mulkin ƙungiyarku ya san yadda ake canza mai sa hannu.

Masu neman a maido musu, a tuna musu cewa da niyyar sadaka mai gudana suka bayar, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa. A faɗa musu a keɓe, ba a zaure ba. Wanda ya ji ya nace, ni a ganina a ba shi a rubuta, kada a gina rijiya da kuɗin da mai shi ke ƙunci. Za ka ga ba su fi ƙalilan ba idan aka ce kowa ya zo da kansa ya sa hannu ya karɓa.

Yayanka kuma, bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu wanda ya fara sallama. Kai ne ƙarami. Waya ba ta isa ba.

Baba Tsoho, Wusasa:
Yaro, wannan ba sabon abu ba ne. Mun taso mun tarar ana ba da labarin NEPU da NPC, lokacin da su Hajiya Gambo Sawaba ke shan ɗauri daga nan Zariya, ana sakin mata saboda jam'iyya. Da idona na ga 1979, da Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP, majalisa kuma ta NPN, har suka tsige shi a 1981. A lokacin talakan ƙauye ne ake cewa ya fi kowa wayewa, don ya bi waɗanda suka soke haraji da jangali. Yau jikokinsa ne jahilai? Waɗanda muka yi gaba dominsu mun gan su daga baya jam'iyya ɗaya suna cin abinci tare. Waɗannan ma ka zuba ido.

Kada ka ɗage taro. In ka ɗage, gida za su ce da gaske kun yanke su. Amma kada ka bari ranar taro ta zama ranar farko da za a haɗu. Ka ɗauki dattijai biyu daga cikinku, waɗanda iyayensu ke kwance a maƙabartar garin, ku tafi tun kafin Sallah. Ka fara sauka gidan Yayanka, ka gaishe shi a durƙushe kamar yadda ka saba, kada ka kawo zaɓe. Shi zai raka ku wurin Mai Gari da Liman, don idan ka tsallake shi ka ƙara masa wani ciwon. Ku tafi da goro.

Mai saƙon muryar kuma, a gaban jama'a ya yi ɓarna, a gaban jama'a zai gyara. In kunya ta hana shi zuwa, ya yi wani saƙon da muryarsa, a kunna a majalisar da aka kunna na farko. Kada kuma ku ce sai su ma sun ba da haƙuri. Su aka zaga.

Magatakarda, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, Allah ya ƙara girma, mun tsayar da Asabar za mu tafi. Shugaba ya yi magana da ma'aji, ya yarda zai sa hannu a sayi kaya, da sharaɗin kada a gayyato wani ɗan siyasa buɗe rijiyar. Mai saƙon dai har yanzu yana cewa gaskiya ya faɗa. Ga kuma sabuwa: kansilanmu ya aiko cewa zai cika ragowar kuɗin. A karɓa?

Ɗan Gandu, Giwa:
In kuka ƙi, kun sake zagin gida, don nasu ne. In kuka karɓi kuɗi a hannu, gobe a fenta tankin da tsintsiya. Ku ce ya kawo siminti da bulon katangar da za a kewaye wurin, a karanta sunansa cikin jerin masu gudummawa kamar kowa. Kuma ku kira mai aikin ya auna zurfin ruwan kafin ku biya kuɗin famfo, yanzu damina ce, ruwa yana sama, kada ya auna muku na Yuni ku zo Maris famfo yana jan iska.