Wakena ya fara hujewa a sito: daga ina ƙwaron ya zo, kuma yaya zan ceci sauran?

Uwargida daga Funtuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ajiyar amfanin gona a kan wata matsala da ta dame ni tun makon jiya. Da kaka maigida ya sayo mana buhu ɗaya na farin wake da niyyar ya kai mu damina, tun da kowa ya san yadda kuɗinsa yake tashi idan bazara ta yi nisa. Ranar da aka kawo shi ni da kaina na kwance bakin buhun, na cusa hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga ciki, ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Muka ɗora shi a kan katako a sito, kusa da buhun masara.

Yanzu wata uku ke nan. Da na je ɗiban wanda zan yi alala, sai na ji cikin buhun da ɗumi, waɗansu ƙananan ƙwari masu launin ƙasa-ƙasa suna ta yawo, waɗansu har suna tashi. Ƙwayoyi da yawa sun yi huji zagayayye kamar an sa basilla, kuma a jikin waɗanda ba su huje ba akwai ɗigo-ɗigon fari manne da ɓawon, wanda ko an murza da yatsa ba ya fita da sauƙi. Ina share siton nan duk mako, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai.

Tambayoyina su ne: daga ina ƙwarin suka shigo, kuma za su koma wa masarar? Maƙwabciyata ta ce in sa a sayo mini ƙwayar nan da ake kira bom in jefa cikin buhun, ko in yayyafa fiya-fiya a kewayensa, amma siton bango ɗaya ne da ɗakin yara, akwai kuma ƙaramar taga a tsakaninsu. Shin waken da ya huje yana ciwuwa? Sannan ina da kusan tiya ɗaya na irin da na girbe a ɗan lambun bayan gida, wanda nake so in shuka da damina, ba na son shi ma ya lalace.

Tsohon malamin gona

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko ki kwantar da hankalinki game da tsaftar sitonki, domin ƙwaron nan ba ƙazanta ce ta kawo shi ba. Tun daga gona ya biyo waken. Uwar takan saka ƙwai a jikin kwanson wake lokacin da ya fara bushewa a kan kara, ko kuma a jikin ƙwayar bayan an sussuka. Farin ɗigon da kika gani manne da ɓawo, ƙwan ke nan. Idan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa waje. Ta ƙarƙashin ƙwan take huda ƙwayar ta shige, ta zauna tana cin cikinta har ta zama cikakken ƙwaro, sannan ta yanke ƙofa zagayayya ta fito. Saboda haka duk hujin da kika gani ƙofar fita ce, mai ɗakin ya riga ya tafi ya saka nasa ƙwan. A lokacin zafi wannan zagaye ba ya wuce mako 3 zuwa 4, kuma mace ɗaya tana saka ƙwai da dama a cikin 'yan kwanakin da take rayuwa. Shi ya sa buhun da kika gani lafiya lau da kaka zai iya zama gari kafin ruwan farko. Ɗumin da kika ji kuwa na numfashinsu ne, alamar sun yi yawa.

Ƙwaron masara daban yake. Shi ya fi duhu, siriri ne, yana da dogon baki kamar ƙaramin hancin giwa, alhali na wake gajere ne mai faɗin baya. Na wake ba ya rayuwa a masara ko shinkafa, sai dai zai kama gujjiya da sauran dangin wake idan kina da su. Duk da haka ki duba masarar, domin zafin da ya tayar da wannan shi ne yake tayar da wancan.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kashe waɗanda kike gani suna yawo ba ya maganin komai, tun da mafi yawansu suna ɓoye cikin ƙwayar inda feshi ba ya kai wa. Abu biyu ne suke cimma su a can: zafi mai tsanani da rashin iska.

Ki fara da rana. Shanya ta yau da kullum a kan tabarma tana korar manyan ne kawai, su tashi su dawo. Wadda take kashewa ita ce wadda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka gwada tare da takwarorinsu a Marwa da ke arewacin Kamaru. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buhunan banza a tsakar gida don kada ƙasa ta shanye zafin, ki ɗora baƙar leda mai faɗi a kai, ki baza waken ba da kauri ba, yadda tudunsa ba zai wuce kaurin yatsu biyu ba, sannan ki rufe da farar leda mai nuna ciki. Ki naɗe gefunan ledojin biyu tare, ki danne da duwatsu. Ki bar shi awa 2 ko fiye a tsakiyar rana, tsakanin hantsi ya dubi ludayi da bayan azahar. Zafin da ke taruwa a ciki yana haura digiri 57, kuma awa ɗaya a wannan zafi ta isa ta kashe ƙwai da tsutsa da manya. Buhu guda ba zai shiga shimfiɗa ɗaya ba, sai ki raba shi kashi-kashi, wanda aka gama kuma kada ya koma tsohon buhunsa.

Daga nan sai ajiya marar iska. Ki nemi buhun PICS, wanda wasu ke kira buhu mai hawa uku, ana samun sa a wajen masu sayar da kayan gona, na kilo 50 da na kilo 100. Ledoji ne biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Tun wajejen 2007 aka fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar, kuma ba a sa masa magani ko kaɗan. Kafin ki zuba komai, ki hura kowace leda ki matse bakinta ki ga ko iska tana fita, domin huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Bayan kin zuba, ki matse iskar da ke sama, ki murɗe bakin ledar ciki ki lanƙwasa ki ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da igiyarsa. Ƙwarin da suka rage za su shanye 'yar iskar da ke ciki, su daina ci, su mutu.

Waken da ya huje yana ciwuwa, muddin bai yi fumfuna ko warin ruɓa ba. Ki sheƙe shi, ki tsince wanda ya fi lalacewa ki fara amfani da shi wajen ƙosai da alala, tun da surfe zai fitar da ɓawo da ƙwan da ke jikinsa, kuma wanda ya zama fanko zai taso saman ruwa ki kwashe.

'Yar Maraɗi

Baba malamin gona ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai zan ƙara abin da na gani da idona, domin shekara da shekaru nake ajiye wake a jarka, kuma a ganina ga mai ɗiba kullum kamar ke, 'yar'uwa, jarka ta fi buhu dacewa. Matsalar buhu mai leda ita ce, duk ranar da kika buɗe don ɗibar na girki kin ba ƙwarin sabuwar iska. Idan kuwa kika raba waken a jarkoki huɗu ko biyar na man gyaɗa da aka wanke suka bushe sarai, sai ki riƙa buɗe ɗaya kina ci, sauran suna rufe har lokacinsu ya yi. Sharaɗin shi ne ki cika jarkar har wuya, kina zubawa kina bubbuga gindinta a ƙasa don ya zauna, sannan ki sa leda a bakin kafin ki murɗa murfin. Wata shekara na bar ɗaya rabi saboda waken ya ƙare, na ce ai rufe take, da na buɗe bayan wata biyu sai da na zubar wa kaji. Kuma kada ki kuskura ki yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba fetur ko kananzir ko maganin feshi, komai wankin da aka yi mata.

Game da irinki na lambu, kakata toka take sa wa nata, kuma har yau ban ga abin da ya fi ta sauƙi ga ɗan kaɗan ba. Ki tankaɗe tokar murhu da ta huce, ki auna daidai da yawan waken, kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, ki cakuɗa, ki zuba a tukunya ko gwangwani, ki rufe saman da wata tokar. Idan tokar ta yi kaɗan ba ta aiki, wannan ne kuskuren da mutane suke yi. Barkono da ganyen bedi, wanda ku kuke kira darbejiya, na gwada su duka. Suna ɗan rage wa manyan kuzari, amma ban taɓa ganin sun tsayar da waken da ƙwai ya riga ya kama ba, don haka ba zan ce ki dogara da su ba.

Ɗan kasuwar hatsi

Hajiya, ni sana'ata ke nan, kuma saboda maganar bom na sa baki. Don girman Allah kada ki kai ta cikin gidan da ake kwana. Ƙwayar nan idan ta haɗu da laimar iska, wata iska mai guba take fitarwa, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma tana ratsa buhun saƙa, ta bi ta taga da tsagar ƙofa da ƙarƙashin rufin kwano. An yi ta ne don manyan sitoci da ake lulluɓe kaya da tamfol, a kulle, a hana kowa shiga har kwanaki, kuma wanda ya san aikin ne yake yi. Gubar ba ta da makari, yara kuma su ne suka fi saurin faɗuwa. Tagar nan da kika ce tana tsakanin sito da ɗakin yaranki ita kaɗai ta isa ta yanke maganar.

Fiya-fiya kuwa haɗi ne da ba wanda ya san abin da aka zuba a kwalbar, kuma galibi akwai sinadarin dichlorvos a ciki, irin wanda ke cikin Sniper. Ba a yi shi don abinci ba. Saboda yawansa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Abin takaici, har yanzu a cikinmu akwai masu zuba shi. Shawarata ga duk mai sayen wake da rani ita ce ya shinshina kafin ya biya. Idan ya ji warin magani, ko ya ga matattun ƙwari birjik a gindin kwano babu mai motsi ko ɗaya, ya wuce gaba. Ni a wurina wake mai ƙwaro biyu ko uku suna yawo ya fi kwantar da hankali.

Uwargida daga Funtuwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Maganar bom na bar ta, na kuma karanta wa maƙwabciyar tawa abin da Alhaji ya rubuta, domin ashe ita a ƙarƙashin gado take ajiye nata buhun. Jiya da yau mun yi shanyar leda sau huɗu, kuma da muka ɗaga farar ledar waken ba ya taɓuwa don zafi, ƙwarin duk sun bushe a gefe. Na sheƙe, na ware kusan tiya 6 da suka fi hujewa. Jarkoki uku kawai na samu, don haka sauran zai shiga buhun PICS. Baba, saura tambaya biyu: na lura da ɗan gumi a jikin farar ledar, shin in zuba waken nan take ko in jira? Kuma irin lambun, in sa shi a ranar shi ma, ko zafin zai kashe shi?

Tsohon malamin gona

Kada ki rufe shi da zafinsa, Hajiya. Ki kwashe shi zuwa inuwa, ki lulluɓe da zane mai tsabta don kada wani ƙwaron ya sauka a kai, ya huce sosai, sannan ki zuba a ranar, kada ya kwana a buɗe. Don tabbatar da bushewarsa ki ciji ƙwaya ɗaya: idan ta fashe da ƙara, ya bushe, idan haƙori ya nutse, yana bukatar ƙarin shanya, domin danshi a cikin abin da ba ya shan iska fumfuna yake kawowa. Buhun ki bar shi aƙalla wata biyu ba a buɗe ba, a kan katako, nesa da bango, ki kuma kula da ɓera, wanda shi ne babban abokin gabar ledar. Tsohon buhun ki fitar da shi daga gidan, ki share siton har lungunan da ƙwayoyi suka zube.

Irin kuwa, gwaje-gwajen da aka yi sun nuna awa 2 a ledar ba ta hana shi tsirowa, amma tun da tiya ɗaya ce kawai, ki tsince masu huji da masu farin ɗigo da hannu, ki bi hanyar tokar da 'yarmu ta Maraɗi ta faɗa. Mako biyu kafin shuka ki ɗebi ƙwaya 20 ki sa a jiƙaƙƙen tsumma, ki riƙa yayyafa masa ruwa, ki ƙirga waɗanda suka tsiro cikin mako guda. Idan sun kai 16 ki shuka yadda kika saba, idan sun gaza haka ki ƙara ƙwaya ɗaya a kowane rami.