Kan kare da ya ciji yaro, ta yaya za a aika shi gwaji?

Sabon ma'aikacin dabbobi, Tawa: Salamu alaikum manya. Kare ya ciji yaro a wani ƙauye gefen Keita, mutane sun kashe shi sun kawo muna kan. Ina so a tabbatar ko haukan kare ne. In zuba ƙwaƙwalwar cikin formol (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa) in aika Yamai ko yaya?

Ta labo (ɗakin gwaji), Yamai: Don Allah ƙanena kar ka sa formol. Gwajin da anka fi yarda da shi ɗanyen nama yake so, ana shafa ɗan ƙwaƙwalwa bisa gilashi a tsoma cikin aseton mai sanyi, sannan a zuba antikor (sinadarin garkuwar jiki mai kama ƙwayar cuta) da anka liƙa ma launi mai walƙiya, in birus ɗin, wato ƙwayar haukan kare, na nan sai antikor ya kama shi, ka duba da mikroskop mai haske na musamman ka ga ɗigo-ɗigo kore shar. To formol yana rufe daidai wurin da antikor zai kama, sai ciwo na nan amma a rasa shi.

Tsohon likitan dabbobi: Gaskiya ta faɗa ɗana. Sa kan cikin leda biyu, cikin kula (akwatin sanyi) da ƙanƙara, ka aika LABOCEL, babban labo na dabbobi da ke Yamai. In ƙanƙara ba za ta kai ba da wanga zahin, a sa guntun ƙwaƙwalwa cikin glisirin rabi ruwan gishiri rabi, ya riƙe shi. Kuma a ɗebo daga gindin ƙwaƙwalwa inda ta haɗu da laka, nan birus ya fi taruwa. Amma in ba ka da allurar rigakafi kai kanka, ko da safar hannu kar ka fasa kan nan.

Sabon ma'aikaci: Na gode Baba. Inda babu wannan mikroskop fa?

Ta labo: Akwai wani gwaji, dRIT, da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta hiddo, shi ma antikor ne amma mikroskop na kullum ya isa, birus ɗin na hitowa ja, kamar awa guda an gama. Wanda ya riga ya shiga formol ma ba a zubda shi, ana sa shi cikin kakin farafin a yanka siriri a yi gwajin antikor, sai dai ya ɗauki kwanaki.

Malamar asibiti: Ku dai yaron nan kar ya jira sakamako. A wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti a fara allura yau ɗin nan, don in alamu sunka bayyana babu magani.