Ƴan gida a taimaka, maganar kilinyotan ranar kondwit

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan gida, ina wuninku. Na ci kod (jarrabawar dokokin hanya) alhamdulillahi, saura kondwit (jarrabawar tuƙi), to maganar kilinyotan, wato wutar nuna juyawa dama ko hagu, ce ta hana ni sakat. Moniter ɗinmu na oto-ekol, wato malaminmu na makarantar koyon tuƙi, ya ce ko fili ne ba kowa sai na kunna, wani abokina kuma ya rantse wai mantuwa ɗaya ce a ce ka faɗi, kuma na ga wani bidiyo a YouTube ana ta lissafin maki 31. Wanne ne gaskiya don Allah, kuma a rompuwan (shataletale) yaushe ake sa shi

Direban Zinder–Agadas:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bi maganar moniter. Mai jarrabawa ba wutar kawai yake kallo ba, kanka yake kallo. Madubin ciki, madubin gefe, kunna kilinyotan, waiwaya ta kafaɗa, sannan birki, sannan ka karya sitiyari. Wanda ya taka birki ya fara juyawa sannan ya kunna, ai wannan bai sanar da kowa ba, labari ya ba su bayan an gama. Sandar tana hagun sitiyari, sama dama, ƙasa hagu, da yatsa za ka ture ta hannunka na kan sitiyari, kar ka sunkuya kana nemanta da ido. Kuma tun wurin tashi daga bakin gudron ake farawa, mota na tsaye a dama sai ka sa na hagu kafin ta motsa, nan ne yara da yawa ke zubar da maki tun ba a je ko'ina ba saboda hankalinsu duk yana kan ambireyaj (kuloci) kar mota ta mutu.

Yayarku daga Faransa:
Maki 31 ɗin nan tsarin Faransa ne ƙanena, can sai ka samu 20 kuma ba ka yi kuskuren da ke kayarwa nan take ba. Kilinyotan yana cikin sashen sanar da sauran masu hanya, maki 3 ne iyakarsa. Mantuwa ɗaya na iya rage maka maki, amma abin da ke kayarwa shi ne ka jefa wani cikin haɗari har mai jarrabawa ya taka birkin gefensa ko ya kama sitiyari. Kar ka ɗauko lissafin can ka ɗora a Damagaram, moniter ɗinka ya san yadda ake yi a nan, sa shi ya zauna ya gaya maka.

Ɗan kabu-kabun Sabon Gari:
Yaya gaskiya ne. Ni dai roƙona ku riƙa kashe shi bayan kun gama, mota ta taho tun daga Kasuwar Dole tana ƙyafta dama, mu muna baya mun rasa ta ina za mu bi, ƙarshe ta yi hagu

Direban Zinder–Agadas:
Yauwa ka tuna min. In kwana ce sosai sitiyari ke kashe shi da kansa wurin dawowa, amma canjin layi ko wuce kura da ke gefe sitiyarin bai juya da yawa ba, kai za ka kashe. Rompuwan kuwa: fita ta farko, sa na dama tun kafin ka shiga. Miƙewa za ka yi, shiga ba komai, da ka wuce fitar da ke kafin taka sai ka sa na dama. In zagayawa za ka yi zuwa hagu, na hagu ka shiga da shi sannan ka maida dama wurin fita. Wannan kunna wuta huɗu da mutanenmu ke yi wai miƙewa za su yi, kar ka kuskura, ta lalacewar mota ce ko haɗari.

Mai tambaya:
Na gode baba, Allah ya ƙara girma. To wurin kureno fa, wato fakawa da ribas tsakanin motoci biyu a gefen hanya, shi ma sai na sa?

Direban Zinder–Agadas:
Sa shi ɓangaren da za ka faka tun kafin ka tsaya, ka bar shi yana yi har ka gama ribas ɗinka. Allah ba da sa'a.